Babin da Aka Ɗaure da Jan Zare

Dawakan ne suka fara isowa, babu mahaya. Rana na tsaka suka kutso ta Ƙofar Gabas ta Birnin Tukurwa, sirada a karkace, linzamai suna ja a ƙasa, wasu da kibau cake a cinya. Mata suka yi ta fitowa daga lunguna, kowace tana leƙen dokin mijinta. Kafin ladan ya kira azahar, kuka ya game birni.

Madawaki Bagudu, shugaban mayaƙan dawaki na ƙasar, yana tsaye a ƙofar fada aka jawo wani baƙin doki mai farin goshi. Bai tambayi kowa komai ba. Shi da kansa ya ba ƙaninsa Sallau dokin nan ranar da aka naɗa shi Ubandawaki. Ya ɗora hannu a wuyan dabbar, ya ji busasshen jini ya cuɗe da geza. Ya janye hannun, ya gyara rawani, ya shiga zaure, domin Sarki Mijinyawa ya riga ya zauna.

Karo na biyu ke nan a kaka ɗaya da mutanen Dutsen Mirga suka cinye rundunar Tukurwa. Abin da ya fi cin rai, Mirga ba wata ƙasar a zo a gani ba ce. Tun zamanin kakanni take bin Tukurwa. Sabon sarkinta Nomau ma a birnin nan ya girma, cikin 'ya'yan sarakunan da ake riƙewa a fada don kada iyayensu su yi tawaye. Shi ya sa duka karo biyun Sarki ya ƙi tura Madawaki. Ya ce yaron da ya ci tuwon gidansa bai kai a ɗaga masa babbar tuta ba.

A tsakiyar zaure wani barde mai suna Goje ke durƙushe, kafaɗarsa ɗaure da tsumma. Yana cikin 'yan tsirarun da suka dawo da ransu.

Ya ce, “Allah ya ba ka nasara, mun tarar da su a Fadamar Kanya. Sukuwa ɗaya muka yi musu suka juya da gudu, suna zubar da garkuwoyi, suna zubar da huluna. Ubandawaki ya ce a bi. Muka bi su har cikin kwazazzabon da ke gindin dutse. Nan ne kibau suka sauko mana dama da hagu. Ban ga wanda ya harbe ni ba. Ban ga ko mutum ɗaya ba, ranka ya daɗe, sai kibau.”

Waziri Cindo ya gyara murya. Mutum ne mai taushin magana, wanda bai taɓa faɗa wa Sarki abin da Sarki bai riga ya so ji ba.

“Allah ya ja zamanin Sarki, wannan ba yaƙi ba ne, asiri ne. Ubandawaki bai yi kuskure ba. Abin da littafi ya ce shi ya yi: idan abokin gaba ya juya, kada ka bar shi ya numfasa. Mutanen dutse sun binne mana wani abu a hanya, sai a sa malamai su tone shi.”

Jarmai Gajere, wanda sabon rawaninsa ko wanki ɗaya bai sha ba, ya buga ƙirji. “A ba ni babbar tuta, ranka ya daɗe. In ban kawo Nomau ɗaure a bayan doki ba, a yanka ni a ƙofar nan.”

Bagudu bai dubi ko ɗayansu ba. Goje yake kallo.

“Goje, da suke gudun, me ka ji?”

“Ji, ranka ya daɗe?”

“Da kunnenka.”

Barden ya ce, “Ganga. Gangarsu ba ta daina ba har muka shiga kwazazzabo.”

“Baka da kwari fa, sun yar?”

“A’a. Suna rataye da abinsu.”

Jarmai ya yi dariya. “Madawaki na tambayar kiɗa. Yaƙi za mu ko rawa?”

Wasu suka murmusa. Sarki ya ɗaga hannu, ya ce a sake zama da safe, kowa ya je ya yi gaisuwar mamatansa.

Littafin da Waziri ya ambata, babu wanda bai san shi ba a zauren. A Tukurwa ba a naɗa wa mutum rawanin yaƙi ko na mulki sai ya zauna Karatun Zaure. Magabata ne suka zaɓa wa masu riƙon ƙasa littattafan da dole su ji: na shari’a, na riƙon talakawa, sai babbansu, Linzamin Yaƙi, wanda wani malami ya shigo da shi daga gabas tun birnin bai da ganuwa. Da Larabci suke, masu rawani kuwa ba karatu suke yi ba, saurare suke. Sarkin Malamai ya karanta, ya fassara, su kuma su haddace, duk a gaban Sarki. Da zarar Sarki ya miƙe karatu ya ƙare, ko da tsakiyar magana ake.

Sai dai warƙoƙin ƙarshe na Linzamin Yaƙi ɗaure suke da jan zare. A zamanin kakan Mijinyawa aka taɓa karanta su, washegari doki ya ka da sarkin ya mutu. Tun ranar aka ce babin mugun baki ne. In mai karatu ya iso wurin sai ya rufe littafi ya ce Allah ya tsare, kowa ya shafa, a tashi.

Jan zaren nan ne ya tsaya wa Bagudu a rai. Ana idar da la’asar, maimakon ya zauna karɓar gaisuwa, sai ya nufi gidan Sarkin Malamai Ashafa. Ya same shi a soro yana fiƙe alƙalami, dogon tsoho mai kaifin harshe, wanda ko Waziri ke shakkar bakinsa.

Ashafa ya ce, “Na ji rasuwar Sallau. Allah ya jiƙansa. Ya fi ka saurin hadda.”

“Haddar ce ta kashe shi, Allah ya gafarta malam. Me ke ƙarƙashin jan zaren?”

Tsohon ya ajiye wuƙa.

“Gemuna baƙi ne sa’ad da na fara karatu a zauren can. Na karanta wa ubanka, na karanta maka, na karanta wa ƙaninka. Kai ne mai rawani na farko da ya tambaye ni.”

“To, na tambaya.”

“Babin ja da baya ne. Yadda ake janye runduna ba tare da ta watse ba. Yadda ake gudun ƙarya. Da yadda ake gane shi in an yi maka.”

Bagudu ya ce, “Ban da kai, wa ya taɓa karanta shi?”

“Kai za ka faɗa mini. Wa ke ɗaukar gafakar littattafai daga gidan nan zuwa fada?”

Nan take ya tuna. 'Ya'yan sarakunan da ake riƙewa ba a barinsu su zauna a zaure su ji karatu. Don a nuna musu matsayinsu, su ake rataya wa jakar fatar da ake ajiye littattafan, su bi malam a baya kamar bayi. Ya tuna wani siririn yaro mai manyan kunnuwa yana tafe da gafaka a wuya, shi da Sallau suna binsa suna kiransa jakin malam. Nomau ne.

Ashafa ya ce, “Uban Sarki ne ya ba da umarni a koya musu Larabci, wai su zama malamai su manta da sarauta. To, ranar da kuke ciki ana karanta muku na shari’a, na yaƙi yana hannun wa? Yana waje a kan cinyarsa, yana jiran a kira shi. Zare kuwa, Madawaki, wanda ya iya kwance shi ya iya mayarwa.”

“Karanta mini babin yanzu.”

“Ba zan yi ba. Ka san doka: wanda aka buɗe wa littafin yaƙi shi kaɗai a bayan idon Sarki, gadon sarauta yake nema. Da ni da kai duka za a yanka. Ko da ma ba haka ba, in ka ji kai kaɗai, ranar yaƙi wa zai bi ka? Jarmai? Ka samo mini izini in karanta wa kowa.”

Gari ya waye da wani labarin. Babban tambarin fada, wanda ake bugawa in Sarki zai fita yaƙi, an tarar da fatarsa a tsage. Kafin majalisa ta cika, zancen ya kai kasuwa.

Bagudu ya jira aka gama gaisuwa, sa’an nan ya fito tsakiya ya faɗi.

“Allah ya ja zamanin Sarki. Na zo da roƙo ɗaya, in ya yi nauyi ga wuyana. A kwance jan zaren Linzamin Yaƙi, a karanta mana babin ƙarshe kafin mu hau.”

Wani tsohon hakimi ya fara salati a hankali.

Waziri ya ce, “Madawaki, baƙin ciki ya taɓa ka, mun yi maka uzuri. Tambarin gidan nan ya kwana lafiya, ya wayi gari a tsage. A rana irin ta yau kake so a karanta abin da ya ka da kakan Sarki?”

“Doki ne ya ka da shi, Waziri. Na tambayi tsofaffin barga, sun ce da ma dokin mai tutsu ne, ya taɓa karya mutum biyu kafin ranar.”

Jarmai ya ce, “Wai me ke cikin babin ma?”

“Ja da baya.”

“Au, wannan ai ba sai an buɗe littafi ba. Ka je ka tambayi matan kasuwa ranar da sa ya ƙwace, za su koya maka kyauta.”

Dariya ta tashi. Bagudu ya bari ta lafa, ya juya ga Sarki.

“Zaki, Nomau ya karanta babin nan lokacin da yake ɗaukar gafaka. Mu muna yaƙi da abin da aka karanta mana, shi yana yaƙi da littafin duka. Ya san abin da za mu yi tun kafin mu yi, domin a zauren nan muke maimaita shi da ƙarfi yana jin mu daga waje. Ya san in ya juya za mu bi. Sau biyu ya juya, sau biyu mun bi. In muka fita a haka, birnin nan zai ƙare da mata da tsofaffi.”

Sarki Mijinyawa ya sunkuyo. Muryarsa ba ta tashi ba.

“Kana gaya mini yaron da ya ɗauki jaka ya fi majalisata sani?”

“Ina cewa ya kai ƙarshen littafi, ranka ya daɗe.”

“In aka kwance zaren nan, sharri ya biyo baya, a kan wa?”

Bagudu ya ɗora hannu a kansa. “A kan rawanin nan.”

“Kowa ya ji. Sarkin Malamai, kwance.”

Zaren ya tsufa har ya ƙi kwantuwa, sai da Ashafa ya sa wuƙar alƙalami. Wasu suka ja da baya daga inda suke zaune, kamar maciji za a saki. Tsohon ya buɗe warƙoƙin, ya karanta da Larabci, sa’an nan ya juya da Hausa, a muryar da ya saba.

“Idan abokin gaba ya ba ka baya, kada ka dubi ƙafarsa, dubi hannunsa. Mai gudun gaske yana yar da makami, ya watse, ba ya jin kiran kowa. Mai gudun ƙarya yana yar da abin da ba ya kisa, ya riƙe abin da ke kisa, gangarsa kuma ba ta yin shiru.”

Bagudu ya ga sarakunan yaƙi suna kallon juna. Duk sun ji abin da Goje ya faɗa jiya a wurin nan. Ko Jarmai ya daina murmushi.

Ashafa ya ci gaba. “Wanda ya ga haka ya tsayar da dawakinsa, ko da za a kira shi matsoraci. Kuma ka sani, sarkin da ya gwammace rundunarsa ta ƙare da a ce ya ja da baya, ba ƙasarsa yake tsaro ba, sunansa yake tsaro. Amma yadda ake janye runduna, shi ne ka fara da…”

Sarki ya miƙe.

Bakin Ashafa ya tsaya a buɗe. Dogarai suka yi gyara, kowa ya zube. Fuskar Sarki ta yi baƙi, don ya ɗauka da shi littafin yake, kuma ya san kowa ya ɗauka haka.

Ya ce, “Mun ji abin da ya ishe mu. Jarmai, babbar tuta taka ce, kai ne a gaba. Madawaki ya riƙe baya, tunda can ransa yake.”

Bagudu yana durƙushe har Sarki ya shige. An karanta masa yadda ake gane tarko. Yadda ake fita daga cikinsa kuwa, ya rage a bakin tsoho.

Duk wani namiji mai doki a Tukurwa ya fita a wannan karon. Da hantsi suka iso Fadamar Kanya, tun asuba dawakin ba su sha ruwa ba, don Jarmai ya ce sai a rijiyoyin Mirga za a shayar. Mutanen dutse suna tsaye a sahu a can ƙarshen fadama, ba su kai rabin rundunar Tukurwa ba. Bayansu kwazazzabo ne, baki buɗe tsakanin duwatsu biyu.

Jarmai ya zare takobi, aka buga kiɗan sukuwa, ƙasa ta girgiza. Kafin masu su taɓa kowa, sahun Mirga ya karye. Suka juya da gudu, garkuwoyi suna faɗuwa, huluna suna tashi.

Bagudu ya miƙe a kan likkafa. Bai dubi ƙafafunsu ba. Kowane ɗaya da bakansa a kafaɗa, kwari a baya. Ta cikin ƙarar kofato kuma ya ji ta, gangar Mirga, tana tafiya daidai, ba gaggawa.

Rundunar duka ta bi. Mutanen da suka kalli juna a zaure, su ne a gaba. Abin da suka ji sau ɗaya bai iya da abin da suka haddace tun suna samari ba.

Ya juya ga makaɗinsa, wani dattijo mai suna Karo, wanda ke bayansa a kan doki da ganga.

“Buga kiɗan ja da baya.”

“Ranka ya daɗe, babu shi.”

“Kamar yaya babu?”

“Ina da na hawa, ina da na sukuwa, ina da na nasara. Su ubana ya koya mini, shi ma su aka koya masa. Wa zai buga na komawa a Tukurwa?”

Babbar tuta ta kusa bakin kwazazzabo. Ko da Bagudu ya aika mahayi, ba zai cim musu ba, in ma ya cim musu ba za su ji ba. Ya dubi dokinsa, kumfa ta bushe masa a baki. Sai wani abu ya faɗo masa. Mutanen ba su da kiɗan komawa, amma dawakin suna da shi. Kullum da yamma, in za a maido da su daga kiwo zuwa rijiyar barga, kiɗa ɗaya ake buga musu, tun suna 'yan duƙushi.

“Buga na shayarwa.”

Karo ya zaro ido. “A fagen yaƙi? Za a yi mana dariya har jikoki.”

“Su rayu su yi dariyar. Buga, ka sa sauran makaɗa su kama.”

Kiɗan ya tashi, mai tsalle-tsalle, irin na barga. Sauran gangunan baya suka ɗauka. Da farko babu abin da ya canza. Can sai wani doki ya ɗaga kunne, ya karkata. Wani ya bi shi. Kafin a ankara, dawaki masu ƙishi sun fara juyowa garke-garke, mahayansu suna jan linzami, suna zagi, suna dukansu da bayan takobi, su kuwa ko a jikinsu. Bagudu ya hango Jarmai kansa, dokinsa ya juyo da shi daga bakin kwazazzabo yana ta ashar.

Amma masu tuta da waɗanda ke kewaye da ita sun riga sun shige. Duwatsun suka cika da mutane, kibau suka sauko. Ba a daɗe ba ihun ya mutu.

Bagudu ya jera waɗanda suka dawo a sahu a tsakiyar fadama, inda kibiya ba ta kaiwa, ya jira. Mutanen Mirga ba su sauko ba. Can a saman dutse wani siririn mutum ya fito ya tsaya shi kaɗai, ya daɗe yana kallon rundunar da ta kuɓuce masa. Sa’an nan ya ɗaga mashi sama, ya yi jinjina, saitin inda Madawaki yake.

Jarmai ya ga jinjinar. Ba shi kaɗai ba.

Mafi yawan waɗanda suka fita sun koma gida a kan dawakinsu. Ba a buga musu kiɗan nasara ba, kuma babu babbar tuta. Washegari da hantsi aka tara majalisa, Jarmai ya fara magana, idonsa jajir.

“Allah ya ba ka nasara, nasara na hannuna aka fizge ta. Na kusa kama Nomau da hannuna. Da an bar runduna ta shiga gaba ɗaya, da mun tattake maharban nan. Madawaki ya sa aka buga mana kiɗan barga kamar jakuna, ya bar masu tuta su kaɗai aka yanka su. Tutar kakanninka yau tana Mirga.”

Waziri ya ƙara da muryarsa mai taushi. “Ni ba na zargin kowa. Abin da na sani, an kwance zare, tuta ta tafi. Kuma mutane da yawa sun ga Nomau yana jinjina. Ban taɓa jin abokin gaba ya jinjina wa wanda ya ɓata masa aiki ba.”

Bagudu ya ce, “Zaki, a tambayi waɗanda suke can. A tambaye su ko mutanen Mirga sun yar da baka. A tambaye su ko gangar ta yi shiru.”

Ya bi sarakunan yaƙi da kallo ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ke zaune a wurin, kiɗan barga ne ya dawo da shi ga 'ya'yansa. Kuma duk wanda ya buɗe baki, ya yarda ke nan dokinsa ya fi shi hankali. Suka zuba wa ƙasa ido.

Sarki ya ce, “Ka ce a kan rawanin nan.”

“Na faɗa, ranka ya daɗe.”

“Don darajar ubanka da jinin ƙaninka, na bar maka kanka. A karɓi rawanin.”

Dogarai biyu suka matso. Suka warware shi a hankali, sai da ya taru a ƙasa kamar likkafani. Nan take aka ɗauke shi aka naɗa wa Jarmai.

Sarki ya juya ga Ashafa. “Warƙoƙin nan, ba zare za a mayar musu ba. A kawo wuta.”

Aka kawo kasko. Tsohon ya zare warƙoƙin da hannunsa, ya ɗora su a kan garwashi, ya tsaya har suka zama toka. Sa’an nan ya ce, ba da kowa ba, “Yanzu babin nan wuri biyu ya rage a duniya. Kaina, da kan Nomau. Ni kuwa na tsufa.”

Bagudu ya fito daga fada da 'yar hula. Hanyar gidansa ta bi ta bakin kasuwa. Matan da mazansu suka dawo suka kau da kai kamar ba su gan shi ba. Waɗanda mazansu ke cikin masu tuta suka bi shi da tsinuwa. A rumfar mahauta wani ya kifa ƙwarya ya fara buga kiɗan shayarwa, sauran suka kama haniniya. Bai waiwaya ba.

A ƙofar gidansa ya tarar da baƙo. Dogon mutum ne cikin rigar fatake, yana riƙe da ragamar alfadari, ƙafafunsa sun yi futu-futu da tafiya. Da ya sauke mayafin da ya rufe fuska don ya gaisa, Bagudu ya ga tsagar mutanen dutse a kumatunsa.

“Sannu da zuwa, Madawaki.”

“Babu Madawaki a gidan nan. Ka je fada.”

“Wanda ya aiko ni ya ce in na zo zan tarar an cire, don haka in taho da wani.”

Ya kwance ƙunshi daga bayan alfadarin, ya buɗe gefensa. Farin rawani ne, sabo fil, wanda ya fi na Tukurwa laushi.

“Sarkin Mirga na gaishe ka. Ya ce in faɗa maka jakin malam bai manta da kai ba. Ya ce tun da ya fara yaƙi da birnin nan, sai jiya ya ga mutum a cikinsa. Ya kuma samu labarin an katse maka karatu a tsakiyar magana. In kana son jin ƙarshensa, shi zai karanta maka da bakinsa, kuma ba zai miƙe ba sai an gama.”

Bagudu ya dubi rawanin. Hannun da ya aiko da shi, shi ne ya jera maharban da suka kashe Sallau. Ya buɗe baki zai ce wa baƙon ya naɗe kayansa ya bar gari, sai idonsa ya kai ƙarshen lungu. Wani baran Waziri ne laɓe a jikin katanga, yana kallon farin ƙyallen da ke tsakaninsu. Suna haɗa ido ya juya, ya zura da gudu ya nufi fada.

Baƙon ya bi shi da kallo, ya gyara riƙon ragama.

Ya ce, “Wancan gudun na gaske ne. Ina jin ba ka da lokacin dogon tunani, ranka ya daɗe.”